Ƙwallon da Aka Zura Min Ta Haska Laburaren 'Yata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka.

Sunana Habibu, ina aikin gadi a nan Doha. Mu tsofaffin ɗaliban wasu jami'o'i biyu ne na gida da ba sa ga-maciji a fagen ƙwallo, kuma mun taho da adawar har Qatar. Duk shekara muna karawa a wani fili a Umm Salal. Sharaɗinmu shi ne, kuɗin shiga da na sayar da riguna duk na jami'ar da ta yi nasara ne, a yi wa ɗalibanta aiki da su.

Ni ne golan ɓangarenmu. Bana ana dab da tashi, Dokta Nasiru na ɗaya ɓangaren, likitan da tumbi ya hana shi gudu, ya zura min ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna, da ita kuwa suka yi nasara. Ya riƙa zagaye fili yana cewa, "Khalas, shi ke nan, Habibu, a koma gadi." Na kwana biyu ban leƙa wurin mai shayinmu na unguwar Mansura ba saboda tsiya.

Da kuɗin aka sa wa laburaren jami'arsu sola. To Malam, a can 'yata Zainab take karatu. Shekaranjiya ta kira ni tana dariya, ta ce, "Baba, yanzu ko an ɗauke wuta karatunmu muke yi. Don Allah baɗi ma ka buɗe ƙafar."

Masu sauraro ku ba ni shawara: baɗi in tsare gidanmu, ko in bi maganar yarinya?

Ina gaida Dokta Nasiru. Ya daina cika baki, albarkacin Zainab ya ci.