Ranar da Na Fasa Ƙwaryar Kakanninmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hajara ce daga Maruta ta Gwaram.

Ƙungiyarmu ta matan kiɗan ƙwarya tun zamanin kakanninmu take. Magajiya ke shugabanci, zabiya ke ba da waƙa, sauranmu 'yan amshi. Duk Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa mu koyi waƙoƙin biki da suna.

Makon jiya aka fara miƙo min babbar ƙwaryar da aka kafa ƙungiyar da ita. Daɗi ya ɗebe ni, na maka mata duka, sai ta tsage! Malam, na ce shi ke nan, korata za a yi.

Sai Inna Magajiya ta kwashe da dariya, ta juya ƙwaryar ta nuna min tsofaffin ɗinki. Ta ce, "Wannan na kakarki ne, wannan nawa. Ke 'yar nan, yau kika zama tamu!" Aka rangaɗa guɗa.

Jama'a ku taimaka, ina zan samu ƙwararren mai ɗinkin ƙwarya a Birnin Kudu? So nake nawa ɗinkin ya fito raɗau, wata rana a nuna wa jikata.