Na gama littafin, Idi bai ji ƙarshe ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Mushe Alhasan daga Tamaske, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce ma malami Mushe. Da na aje aiki, ɗiyata ta aiko mini tabilet mai manhajar rubuta littafi. Shekara biyu ina rubuta labarin ƙuruciyarmu. Duk babin da na gama, sai in karanta ma abokaina ukku bayan la'asar. Biyu sun rasu bara. Na ukkun, Idi, kullum cewa yake: "Mushe, yi hanzari, ina son jin ƙarshe." Ran Juma'a muka yi jana'izarshi. Jiya na gama, na'urar kaɗai ta yi mini barka. Samarinmu duk sun tahi ci-rani. Jama'a, don Allah, wa zan karanta ma?