Takardar Larai Mai Man Kaɗe

A tashar motar Kaduna da ke Minna, Larai mai man kaɗe na zaune kan ƙunshin kayanta, tana jiran mota ta cika. Ta hango wani mai tabarau yana duba jarida, ta miƙa masa takarda.

"Malam, taimaka ka karanta mini."

Ya gyara tabarau. "Daga Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ce. Sun ba ki rumfa a baje kolin Kaduna, kuma za su..."

"Ka tsallake 'kyauta'."

"Ashe kin iya karatu, Mama?"

"Ina fa. Kai ne na bakwai tun safe." Dariya ta ƙwace mata har ta dafa gwiwa. "Shekara ashirin ina talla a Bosso, ana ce mini man nawa yana wari. Ƙungiya ta kawo mai koya mana tacewa, ta samo mini gwangwani da sunana a jiki. Yanzu har 'yan Legas za su shafa."

"To, tunda kin haddace, me zan karanta miki?"

"Wurin da suka ce 'Madam Larai'. Direba ya wuce shi a guje kamar ana korarsa. Kai ka ja shi a hankali."