Wa Zai Juya Baltazar?

Mai girma shugabar wannan taro, Dona Albertina. Mai girma sakataren unguwarmu ta Mafalala. Fasto da Liman, waɗanda yau benci ɗaya ya ishe su, Allah ya ƙara haɗa kanku. Ma'aikatan asibitin unguwa, masu ba mu auduga da safar hannu in akwai, su ba mu haƙuri in babu. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. 'Yan'uwana masu jinya a gida, da waɗanda suka samu zuwa, da waɗanda ke can gefen gado yanzu haka don ba su samu mai tsaya musu ba. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama, barkanku da yamma.

Sunana Hortensia Mabunda. Rabin mazan da ke zauren nan na koya musu karatu, sauran rabin na koya wa 'ya'yansu, saboda haka in muryata ta yi sama ku yi haƙuri, ba yau kuka fara jin ta ba.

Ina gode wa shugaba da ta ba ni dama. Ina gode wa masu otal ɗin nan na tsibirin Inyaka, waɗanda duk shekara, idan sanyi ya shigo baƙi suka ɗauke ƙafa, suke ba ƙungiyarmu ta masu jinya ɗakuna na kwana biyu ba tare da sun karɓi ko metikal ɗaya ba. Ina kuma gode wa Baba Zacarias, da gaske nake, domin abin da wasu ke faɗa a bakin famfo da rumfar giya, shi ya kawo shi gaban jama'a da bakinsa.

Ga wanda ya makara, ga maganar. Ranar Juma'ar nan jirgin ruwa zai tashi da matanmu na bana, cikinsu har da Ermelinda, wadda shekara shida ke nan tana jinyar mijinta Baltazar, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya tafi tare da shi. Baba Zacarias, yayan Baltazar, ya roƙi taro ya cire sunanta, ya kuma soke tafiyarta baki ɗaya. Hujjarsa biyu. Ya ce macen da mijinta ke kwance a gado ba ta zuwa ta kwanta a yashi. Ya ce kuma in ta tafi, wa zai kula da shi? In kun amince masa, jirgi ya tashi babu ita. Maganata uku ce a kan haka.

Ta farko, bari in faɗa muku mene ne wannan kwanciya a yashi, tunda bara ni na raka su.

Mun sauka da hantsi. Ruwan can ba irin na gaɓarmu ba ne mai launin kunu. Kana ganin yatsun ƙafarka a ciki, ƙananan kifaye suna zagaya su. An ba kowace mace ɗakinta, da gado mai farin zanen da ba ita ta wanke ba. Kun san abin da suka fara yi? Kafin in ajiye jakata, biyu sun samo tsintsiya suna share yashin ƙofar ɗaki. Yashin bakin teku, jama'a, suna share shi. Ɗaya ta fito da tukunya da garin masara daga cikin kapulanarta, wato zanen da ta ƙunso kaya, tana neman murhu, alhali ga jatan lande da ƙaguwa ana jera mana a tebur. Washegari mai gyaran ɗaki, wata 'yar tsibirin, ta zo mini kamar za ta yi kuka. Ta ce, "Inna, don Allah ki yi musu magana. Duk ɗakin da na shiga an gyara gado, an goge ƙasa, har bayan gida yana ƙyalli. In manaja ya gani zai ce ba ni da amfani. Ku bar mini ko tawul ɗaya a ƙasa!"

Amma babban abin Goggo Anastancia ce ta yi shi. Ga ta can tana rufe fuska, yi haƙuri Goggo, kin ce in faɗa. Ku sani Goggo ta fi shekara goma tana jinyar ɗanta da mota ta karya wa baya. Da kyar na zaunar da ita ƙarƙashin laima bayan azahar. Kusa da mu wani Bature ne daga Joni, birnin zinariya na ƙasar maƙwabta, ƙato mai tumbi, ya kife a kan gadon katako yana barci a rana. Na ga Goggo tana kallonsa, ta kalli rana, ta sake kallonsa. Ta ce, "Hortensia, bawan Allahn nan tun da muka zo a gefe ɗaya yake."

Na ce, "Goggo, hutawa yake yi, kuɗinsa ya biya."

Ta ce, "Kuɗi ba ya hana gyambo. Ina danginsa?"

Na juya in karɓi ruwan kwakwa. Kafin in waiwayo, ta yafito wata daga cikin matanmu, ɗaya ta kama kafaɗa, ɗaya ta kama ƙugu, suka ce "ɗaya, biyu," suka birkice mutumin nan cak, suka gyara masa tawul a ƙarƙashin wuya, ko farkawa bai yi ba sai da rana ta haske masa ido. Ya zabura yana ihu da yarensu. Matarsa da ke cikin ruwa ta ga komai, dariya ta kusa nutsar da ita. Goggo ta dube shi ta ce, "Ji shi, yana faɗa! Ga bayanka nan ya nuna kamar kifin da aka manta a kan gawayi."

Ku yi dariyarku, mu ma mun yi har hawaye. Amma da aka watse Goggo ta zauna tana kallon tafin hannunta. Ta ce, "Hortensia, wallahi ba ni ba ce, hannun ne. In lokacin juyi ya yi, ko ina nake sai ya tashi." Daga nan ta kwanta, ta yi barci har ruwa ya janye ya dawo. Na zauna ina gadinta kamar mai gadin banki, duk wanda ya zo wucewa na harare shi. Da ta farka ta ce rabonta da barcin da ba ta bar kunne ɗaya a buɗe ba, tun ɗanta yana tafiya da ƙafafunsa.

Wannan shi ne shagalin da ake gulma a kai. Kwana biyu ne: na farko ana koya wa hannu ya saki, na biyu a yi barci. Kafin mace ta gama gane cewa kifin da ke faranti nata ne, ba sai ta cire wa kowa ƙaya ba, jirgi ya yi ƙaho.

Magana ta biyu gajeruwa ce, don ba na son faɗarta. Kun tuna Felismina ta layin bayan kasuwa. Sau biyu sunanta yana fitowa, sau biyu tana cewa a ba wata, don tana tsoron bakin unguwa. Kun yaba mata. Ni ma na ji ana cewa, "Ga mace ta gari, ko ƙofar gida ba ta leƙawa." Ta faɗi a bakin famfo da bokiti a ka, ba ta tashi ba. Mijin da ta yi wa jinya shekara da shekaru ba tare da ƙurji ɗaya a bayansa ba, wata biyu bai cika ba gyambo ya cinye shi, ya bi ta. Yabonku bai juya shi ko sau ɗaya ba. Na karanta littattafai iyakar gwargwadona, na yaƙe-yaƙe da na sarakuna da na masu ƙwato ƙasa, cike suke da sunayen jarumai da raunukansu, amma ban taɓa cin karo da babin wadda ta wanke jarumin ba bayan an kawo shi gida a shimfiɗe. Ba a rubuta ta, ba a biyan ta, kuma ranar da ta nemi kwana biyu sai a kira taro a kanta. Maganar iyayenmu ba ta yi ƙarya ba da ta ce rai dangin goro ne, sai ana yayyafa masa ruwa. Wanda ke son Baltazar ya daɗe, Ermelinda zai lallaɓa.

Magana ta uku taka ce, Baba Zacarias, kuma a nan zan sassauta murya. Hujjarka ta farko na watsar da ita. Ta biyu kuwa gaskiya ce tsantsa: in ta tafi, wa zai juya shi? Tambaya ce mai kyau. Abin da ya ba ni haushi shi ne ka yi ta kana kallon mata.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini. An ce a al'adarmu namiji ba ya ganin tsiraicin ɗan'uwansa, wanka da gyaran jiki na matar aure ne. Ashe? Ku da kuka yi shekaru a ramukan zinariya na Joni, kuna kwana ɗaki ɗaya ku goma sha, kuna wanka a layi ƙarƙashin famfo ɗaya, kuna dafa tuwonku, kuna wanke wandunanku, a wane kanti kuka sayo wannan kunya a hanyar dawowa? Kuma unguwar nan kaf ta san labarin da kai da kanka kake bayarwa duk ranar biki: ranar da dutse ya rufto a rami ya danne maka ƙafa, Baltazar ne ya goya ka a bayansa har bakin rami, shi ya riƙa kai ka bayan gida har ka warke. Ran nan ba a tuna al'ada ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ce kai mugu ba ne. Ermelinda ta faɗa mini duk ƙarshen wata kana zuwa da sabulu da sukari, ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce, "Yaya mai jiki?" ka juya kafin a amsa. Ta ce ta taɓa leƙo ka ta taga, ta ga ka jingina da bango kana share ido da hula. Na gane. Mutumin da ya ɗauke ka kamar buhun gawayi, ba ka iya ganinsa ana ba shi kunu da cokali. Sai dai ka sani, tsoron nan naka Ermelinda ce take biyan kuɗinsa da bayanta, kuma bayan ya fara tsagewa. Ku dube ta yadda take zaune a karkace.

Jiya na je gidan. Na ce da ita ta ba mu wuri, na zauna kusa da shi. Na ce, "Baltazar, tsohon ɗan rawa, ana rigima a kanka. Matarka ta tafi ko ta zauna?" Kun san ba ya magana, amma kansa garau yake. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ƙarƙashin gado, ya yi ta lalube har ya jawo takalminta na fita, wanda ƙura ta rufe, ya tura shi wajen ƙofa. Na ce, "In kuma ta haɗu da wani mai jirgi a can fa?" Ya yi wannan dariyar tasa ta gefen baki ɗaya, ya nuna kansa da yatsa, wato wa ya kai shi kyau.

Saboda haka ban zo neman ƙuri'a a kan tafiya ba kawai. Maza huɗu nake nema, daga safiyar Juma'a zuwa yammacin Lahadi, biyu da rana, biyu da dare. Goggo Anastancia ta ce gobe za ta koya muku juyi, kuma kun ji shaidar aikinta, ko farkawa ba a yi. Za a nuna muku yadda ake wanka, da yadda ake ba da kunu kada ya shaƙe. Akwai rediyo a ɗakin, ƙwallonku ba za ta wuce ku ba, shi ma yana so. Zumunta a ƙafa take, amma wani lokaci sai ta tsallake bakin ƙofa. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Ina jira. Na saba jira, na yi shekaru ina tambayar aji wa ya fasa taga.

To, ga hannu ɗaya can baya. Wane ne? Ku matsa in gani. Kai, Baltazar! Ashe sun turo ka a keken guragu. Sauke hannunka, malam, ba za ka yi jinyar kanka ba. Jama'a, ku waiwaya ku gani da kyau: mutum ɗaya ne a zauren nan da hannu ɗaya ya rage masa, kuma shi ya fara ɗagawa. Masu biyu suna sosa ƙeya.

Yawwa, Liman, na gani, Allah ya saka. Fasto, ba za ka bari a riga ka ba, na sani. Ga na uku, ɗalibina na da, ashe dukan bai tafi a banza ba. Saura ɗaya.

Baba Zacarias, ba kai nake kallo ba. Ƙanenka ne ke kallonka, kuma har yanzu bai sauke hannun ba.

Na gani, Baba. Ba sai ka ɗaga da yawa ba, na gani. Shugaba, a rubuta shi a safiyar Juma'a, don ya raka ta da jaka har bakin titi ya dawo.

Ermelinda, goge takalminki. Kada ki ɗauki tukunya, kada ki taɓa tsintsiyar kowa, ki bar wa yarinyar nan tawul a ƙasa. In kin ga Bature a kife, ki bar shi ya ƙone.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa bayan masu ɗaga su. Allah ya kwantar da teku ranar Juma'a, ya kai matanmu lafiya, ya ba su barci mai nauyi, ya dawo mana da su lafiya. Allah ya jiƙan Felismina da mijinta. Allah ya sa ranar da kowannenmu zai kwanta, a samu hannun da zai juya shi, kuma a samu wanda zai ce wa mai hannun, "Je ki huta." Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.