Ƙa'ida Ɗaya, Shafuka Tara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar asibitin ido da ta ba mu wannan zaure, likitoci da ma'aikatan jinya, 'yan uwana masu rubuta manhaja da na hango can baya kusa da soket ɗin lantarki kamar kullum, iyayenmu maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo ƙaddamar da sabon shafin rajistar marasa lafiya. Wallahi yau bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai ku yi haƙuri da ni.

Magana uku gare ni. Ta farko, laifina.

Ina da kaka mai shekara ɗari da biyu. Yanar ido ta rufe mata gani shekara shida, da murya take gane mu. Bara aka ce ƙwararren likita zai zo ya yi aiki na kwana huɗu, wanda ya riga samun layi a shafin intanet shi za a yi wa. Ni na gina shafin! Na zauna gabanta ina hura hanci, na yi mata rajista, shafi ya karɓa. Na shiga shafin neman layi, sai ga jan rubutu: shekarun haihuwa ba daidai ba ne. Na sake, haka. Ta ce, "Maigida, me akwatin ya ce?" Na ce, "Kaka, wai shekarunki sun yi yawa." Ta ce, "To ka tambaye shi nawa zan rage."

Kuna dariya, ni ranar gumi nake. Na ruga ofis na gyara shafin neman layi, sai na tabbatarwa ya ƙi. Na gyara shi, sai na buga takarda ya ƙi. Kafin in gama farautar inda kuskuren ya ɓuya, layi ya cika, likita ya zo ya tafi. Kaka ta ƙara wata bakwai cikin duhu, kuma da hannuna na jawo mata.

Magana ta biyu, abin da ya jawo haka. Kowane shafi da kuke cikewa yana da ɗan tsari a bayansa mai riƙe bayananku kafin a miƙa su rumbun ajiyar bayanai. Mu a ofis faranti muke ce masa. A kan kowane faranti mukan rubuta ƙa'idojin tantancewa: suna kada ya zo babu komai, lambar waya ta cika, shekaru kada su wuce kaza. Faranti tara gare mu, kuma duk wanda zai yi sabo sai ya kwafo ƙa'idojin tsoho ya manna. Wata rana aka gane mutum na iya haura casa'in da tara, aka gyara a faranti biyu, aka manta bakwai. Ba mugunta ba ce, kwafe ne, kuma kwafe ba ya jin labarin gyara.

Magana ta uku, ita ce ta tara mu yau. Abokiyar aikina, wadda muke kira Sarkin Gardama, ta tsare mu a gaban allo ta ce, "Shekarun mutum guda ne ko tara?" Muka ce guda. Ta ce, "To don me za a yi musu alƙali tara?" Sai muka tattaro ƙa'idojin nan kaf, muka ajiye su wuri ɗaya. Ta shekaru ɗaya, ta lambar waya ɗaya, ta ranar haihuwa ɗaya. Faranti ba ya sake rubuta su, kiransu kawai yake yi. Ka gyara sau ɗaya, shafuka tara sun gyaru! Ka gwada sau ɗaya, shafuka tara sun gwadu! Gobe a ƙara na goma, zai tarar da su suna jiransa. 'Yan uwana masu manhaja, don Allah ku koma ku ƙirga naku farantan, domin bayan kowane jan rubutu akwai mutum zaune yana jira.

Da likita ya dawo watan jiya, ma'aikaciyar jinya ce ta cika wa Kaka fom, ni ina gefe ina kallo. Shafi bayan shafi, babu wanda ya yi mata gardama. Aka yi aiki. Washegari aka kwance bandeji ina durƙushe gabanta. Ta daɗe tana kallona, ta kai hannu ta shafa gemuna, ta ce, "Maigida, yaushe ka yi furfura ba ka faɗa mini ba?"

Allah ya saka wa likitocinmu da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja kwanan iyayenmu har su gaji da ƙirga shekaru, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.