Jif Mai Launin Rigar Makaranta

A wurin sayar da motoci a Abuja, wani direba yana kara 'yar rigar makaranta a jikin manyan motocin jif ɗaya bayan ɗaya, dattijo mai tallan goro yana kallonsa.

"Ɗan nan, lafiya? Da sabuwar riga kake goge mota?"

"A'a, Baba. Oga ya aiko ni in zaɓo wadda za a riƙa kai 'yarsa makaranta da ita. Madam ta ce dole launin ya zo ɗaya da rigar."

"Innalillahi! Kujera bakwai don yarinya ɗaya? To kai naka yaran, a wace mota suke zuwa?"

Direban ya ninke rigar a hankali.

"Mota? Rigar ma ɗaya ce tsakaninsu, Baba. Yau Saleh ya je, gobe Baffa."