Ɓarawon Gyaɗa Ya Samu Gata a Birni

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sale, manomin gyaɗa daga Gafasa.

Bayan Babbar Sallah na shiga Kano, ɗan wana mai aikin masaƙa ya matsa sai ya kai ni sabon gidan namun daji. Ya ce, "Baffa, yau za ka ga zaki ido da ido." Na ga zakin kuwa, yana sharar barci, ƙudaje na yawo a hancinsa. Wallahi jakina ya fi shi kuzari.

Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne kejin birai. Jan biri ne, irin wanda muke wuni muna kaɗa gwangwani muna kora daga gona. Bara sai da suka tone mini rabin gyaɗata. Wai ga shi a inuwa, har da mai share masa ɗaki! Ma'aikacin gidan yana ta bayani wai biri na da wayo, kuma yana son gyaɗa. Ni za a gaya wa? Magidanta da manyan riguna suna miƙa masa soyayyiyar gyaɗa suna tafi. Ɗan wan nawa ya cika mini hannu, ya ce, "Baffa, ba shi mana." Na watsa abata a baki.

Don Allah Malam, a shaida wa masu gidan, in birai suke so, su turo mota Gafasa. Kyauta ne, har lodi za mu taya su. A gaishe mini da maƙwabcin gonata Malam Hudu, a ce ya ci gaba da kaɗa gwangwani kafin motar ta iso.